Zaren Wa ke Bakin Buhun?

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta da ranar da muka koma wani ƙauye a ƙasar Kaoje mu karanta wa mata sakamakon bincikenmu ba. A lokacin ina babban lakcara a sashen nazarin gudanarwa, na share shekaru ina rubutu a kan shugabanci da yadda ake danne mata da 'yan ƙananan ƙabilu a wurin aiki. Har ƙasar waje an gayyace ni na yi jawabi a kan bambancin launin fata, aka yi mini tafi. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Binciken a kan wata ƙungiyar mata masu turara shinkafa ne, Hausawa da Fulani da Dandawa, waɗanda ke kai kayansu kasuwar Lolo. Damina biyu muna zuwa. Na ce "muna", amma ku ji yadda aikin yake. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, don haka ni a zaure nake zama da maza, ina shan fura muna hirar ambaliya. Mai shiga ciki ita ce Malama Saratu, mataimakiyar lakcara a sashenmu, 'yar Bagudo, mai jin Fulatanci da Dandanci kamar ruwa. Ita ke zama cikin hayaƙi tana tambaya, ita ke juya maganganun zuwa rubutu. Ni kuma in ɗora musu manyan kalmomi.

Ga wanda bai san aikin jami'a ba, malami ba ya samun ƙarin girma sai sunansa ya fito a kan maƙala a mujallar ilimi. Malama Saratu ta daɗe a mataki ɗaya, maƙala guda ta rage mata, kwamitin kuma sau ɗaya yake zama a shekara. Na san da haka sarai, tunda ni ke sa hannu a fom ɗinta. Duk da haka, da na aika maƙalar, sunana kaɗai na sa a sama. Nata na ajiye shi a shafin godiya, kusa da na direba. Wallahi ba mugunta ba ce, haka na tarar ana yi, haka ni ma aka yi mini.

Ƙa'ida ce kafin a buga irin wannan aiki a koma wurin mutanen a karanta musu, shugabarsu ta dangwala yatsa cewa abin da aka rubuta haka yake. Ranar an shimfiɗa tabarmi a gindin wani mangwaro a wajen gida, saboda ni. Shugabar, Inna Gambi, Badandiya ce, dattijuwa da ba ta gaggawar magana. Tana jin Hausa, amma in magana ta yi nauyi da harshenta take yi.

Na gyara babbar riga na fara bayani. Na ce bincikenmu ya gano cewa mata ke wahala, amma mazan da ke kai buhuna kasuwa su ake yaba wa. Na ce mun gano dabarar da suka yi maganin abin: kowace mace tana ɗinke bakin buhunta da zare mai launin da aka san ta da shi, ta yadda mai saye a Lolo zai ce ja yake so ko kore, ya san hannun da ya yi aikin. Ina faɗa ina alfahari, kamar ni na saya musu zaren.

Inna Gambi ta saurara har na gama. Sai ta nuna takardar, ta yi magana da Dandanci, gajera. Na waiwayi Malama Saratu.

"Yallabai, ta ce an gode, aiki ya yi kyau."

Wata Bafulatana mai suna Dudu, da ke tsintar shinkafa a faifai, ta fashe da dariya.

"Kayya, Malama, ji tsoron Allah! Ba haka tac ce ba. Ni ma ina jin Dandanci. Dakta, cewa tay yi, wannan buhun naku, zaren wa ag ga bakinai?"

Na yi murmushin manya na ce takarda ba ta da zare, suna ake sawa. Inna Gambi ta juyo da Hausa, don kada a sake yi mata kwaskwarima.

"To karanta muna sunan."

Na karanta. Bai ɗauki lokaci ba, tunda guda ne.

"Ita hwa ɗiyag ga?"

Na buɗe can baya na nuna mata shafin godiya. Ta sa na karanta mata duka, har da direba da mai buga rubutu. Ta jinjina kai.

"Dakta, ni ban san ka da aikin ga ba. Na dai san ka da hura. Dudu, ƙwarya nawa yas sha?"

"Inna, tun bara na bar ƙirga."

Mata suka kwashe da dariya har da masu buga cinya. Malama Saratu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ni kuwa kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina firamare. Inna Gambi ta naɗe hannunta cikin zane ta ce yatsanta ba ya hawa buhun da aka sauya wa zare, in mun gyara mu dawo.

Muka shiga mota muka kama hanyar komawa, har muka wuce garin Lafagu. Daga baya na kasa haƙuri.

"Malama, me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

"Yallabai, ai kai ka rubuta dalilin, yana babi na uku na maƙalar. Na ƙasa ba ya gyara wa wanda zai sa hannu a takardarsa."

Ni na rubuta shi kuwa, kuma shi ne babin da na fi ji da shi.

Washegari na rubuta wa mujallar a sa sunanta a gaba, nawa a baya. Suka ce sauya suna sai an cike wasu takardu, an fitar da mu daga fitowar da ke tafe. Kafin mu koma Inna Gambi ta dangwala, kafin maƙalar ta fito, kwamitin ƙarin girma ya riga ya zauna ya tashi. Malama Saratu ta yi asarar shekara guda cur saboda ni. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma shekarar ba ta dawo ba.

Yau ita ce shugabar sashenmu, ita ke sa hannu a takardar hutuna, kuma takan karanta ta a tsanake fiye da yadda nake so. Ku da kuke tasowa, ga abin da na koya. Aikinmu yana koya wa mutum hango zalunci a ofishin kowa, ban da nasa. Kada ku jira na ƙasa da ku ya yi ƙorafi kafin ku ba shi haƙƙinsa. Ba zai yi ba, kuma kun san dalili.