Tsibirin da Muka Kai wa Hayaniya

Maigidana ne ya fara kawo maganar tsibirin. Lokacin muna zaune a Danau Kota, wata unguwa a Kuala Lumpur, cikin wani dogon bene da ɗalibai suka cika, shi yana fama da digirinsa na uku, ni ina fama da shi da yara biyu. Kullum kukansa ɗaya, hayaniya. Baburan masu kai abinci sun dame shi, injin wankin maƙwabta ya dame shi, masu kallon ƙwallo a shagon shayi da abinci na ƙasan bene, wanda ake kira mamak, sun dame shi, har takun 'ya'yansa a kan tayil. In ka saurare shi sai ka rantse ba a Fagge aka haife shi ba, a gidan da katangarsa ɗaya da injin markaɗe.

Wani abokin karatunsa ɗan Malay ne ya ba shi labarin wani ƙaramin tsibiri a gabashin ƙasar. Babu mota, babu titi, sai 'yan ɗakunan katako a bakin teku. Ya dawo gida yana tura mini waya a fuska ina tsaka da tuƙin tuwo.

"Kin ga wurin nan? A nan ne mutum zai ji abin da zuciyarsa ke faɗa. Mu huɗu kawai za mu je. Don Allah kada ki gaya wa kowa, na san halinku mata."

Na ce to, na kuma riƙe bakina. Ranar Juma'a ya tafi masallaci a Kampung Baru, bayan salla suka zauna cin abinci da 'yan uwansa maza. Bai kai ga dawowa gida ba wayata ta yi ƙara. Matar Farfesa ce. Farfesa shi ne babba a cikin Hausawan unguwarmu, malamin jami'a ne da ya daɗe a ƙasar. Matarsa kuwa, wadda duk muke kira Anti, ba a suna, ba a walima, ba a rakiyar asibiti sai da hannunta a ciki.

"Ashe tafiya za ku yi a ɓoye?" ta ce. "To mun ji. Na ce wa Farfesa ai ba za a bar ku ku kaɗai a tsakiyar ruwa ba, ga yara ƙanana. Ke ki yi dambun nama, ni zan ji da miya."

Da ya shigo na tare shi da maganar. Ya ce shi bai gayyaci kowa ba, labari kawai ya bayar. Na ce to labarin ya yi ƙafa, har ya raba mana aikin girki.

Gida huɗu muka tashi. A bakin gaɓa mai jirgin ruwan ya tsaya yana kallon kayanmu: kuloli, tabarmi, jarkar manja, rabin buhun shinkafa, tukwanen dafa shinkafa na lantarki guda biyu, da wata sifika mai taya da babban ɗan Farfesa ke ja kamar akuya. Ya tambayi maigidana ko ƙaura muke yi. Farfesa ya nuna kayan ya ce, "Boleh?" wato zai yiwu? Mutumin ya ce zai yiwu, amma da irin muryar wanda aka ba shi haƙuri a gidan makoki.

Da jirgin ya fara dukan igiyar ruwa, mazan nan da suka cika mana kunne da bayanin teku tun daga Kuala Lumpur duk suka yi tsit. Farfesa ya rufe ido leɓensa na motsi. Anti ta rungume kular miya, ta bar autarta a hannuna. A iya sanina, wannan ne kaɗai shirun da tawagarmu ta yi a duk tafiyar.

Gaskiya wurin ya kai yadda aka faɗa. Yashi fari tas kamar garin da aka tankaɗe, ruwa garau har kana ganin ƙananan kifaye suna zagaya ƙafar gadar katako. Wasu Turawa biyu, mata da miji, suna kwance a ragar lilo kowa da littafinsa. Tsohuwar da ke da masaukin ta zo ta yi mana maraba a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri. Na tsaya na ja numfashi, na ce a raina ashe mutumin nan wani lokacin yana da gaskiya. Ban gama sauke numfashin ba Anti ta ƙwala wa ɗanta kira daga wannan ƙarshen tsibirin zuwa wancan, wai ya zo ya ɗauki manja. Tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Baturen ya sauke littafinsa.

Kafin la'asar mun kafa unguwa. Mata muka shimfiɗa tabarmi a bayan ɗakuna, mun ba teku baya, saboda nan ne inuwa kuma nan ne soket. Aka jona tukwanen shinkafa biyu a lokaci ɗaya, janaretan masaukin ya yi tari ya mutu, tsibirin gaba ɗaya ya rasa wuta. Tsohuwar ta je ta tayar da shi. Da yamma ta kawo mana gasasshen kifi wanda aka kama a ranar, yana tururi a kan ganyen ayaba. Anti ta shinshina, ta ce a ba yara, ta buɗe jaka ta fito da kifin banda da aka aiko mata daga gida. Kifin da ya hau jirgin sama da mota da jirgin ruwa, shi muka ci a bakin teku.

Maza kuwa sun gano cewa a gindin wata bishiyar kwakwa guda ce kawai waya ke kamawa. Can suka tare, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Da labaran gida suka sauko, sai gardamar siyasa ta ɓarke. Suka naɗa ministoci, suka sauke gwamnoni, suka gyara naira. Muryar da ta fi kowacce tashi, wadda nake ji tun daga inda nake yanka albasa, ta mutumin da ya zo jin abin da zuciyarsa ke faɗa ce. Sifika kuma tana aikinta, wa'azi da safe, waƙoƙin biki da yamma.

Washegari Turawan suka haɗa jakunkunansu suka bi jirgin farko. Anti ta bi su da kallo ta taɓe baki.

"Kin gan su nan, ba su iya zama da mutane ba. Ko sallama babu."

Ruwan kuwa ba wanda ya shiga. An hana yara, wai ruwa ba abokin wasa ba ne, suka koma ɗaki suna ƙorafi da Turanci. Manya kan je bakinsa ne don hoto kawai. Anti ta ɗage doguwar rigarta kaɗan, kumfa ta taɓa ɗan yatsanta, ta yi tsalle baya tana salati, aka ɗauka. Ta aika wa 'yan uwanta na Kano, ta rubuta a ƙasa: natsuwa sai a nan.

Ni dai aikin da na baro a Danau Kota shi na tarar, sai dai an ƙara masa yashi. Rana ta biyu ina durƙushe ina wanke tukunya, tsohuwar nan ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta fito da rigar nan mai hana nitsewa, ta miƙo mini, ta nuna teku da haɓa. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaura ta a kan doguwar rigata da hijabina, na bi ta gefen da ba sa gani, na shiga. Ruwan ɗumi ne. Ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, sai na saki jiki na kwanta rigingine, kunnuwana suka nutse.

Komai ya ɗauke. Ba sifika, ba ministoci. Sai wani ƙas-ƙas can ƙasa, da bugun zuciyata. Da na karkata kai, na hango Anti a gaɓa tana kaɗa ludayi, bakinta na buɗewa yana rufewa ba sauti, kamar kifi a kasko. Maigidana ya baro gindin kwakwa da gudu, ya tsaya daidai inda ruwa ba zai taɓa takalminsa ba, yana yi mini alama da hannu biyu. Na ɗaga musu hannu kamar gaisuwa na ɗauka, na mayar da kaina. Sai da yatsuna suka yanƙwane na fito.

Anti ta tare ni tun ban gama tsiyayewa ba.

"Ke yanzu da girmanki, uwar 'ya'ya? To ina kika ajiye daddawa?"

Shi kuma ya ja ni gefe, ransa a ɓace.

"Haba, maman yara. Kin tayar wa kowa da hankali. Mutum ya zo hutawa, ke kin zo da fitina."

Bayan mun dawo, ya yi makonni yana ba da labarin tsibirin a Kampung Baru, yadda shiru ya kai har mutum yana jin numfashinsa. Da hutu ya sake zagayowa, gidajen da ke son zuwa sun ninka, Anti har ta sayi tukunya ta uku. Aka ɗora masa kiran masaukin. Ina zaune ya kira, ya faɗa wa tsohuwar ko su wane ne, ya tuna mata zuwanmu. Jin haka sai ta ce ɗakuna sun cika. Ya ce wata mai zuwa fa? Sun cika. Bayan salla? Ta ce ai sun cika sosai.

Ya ajiye wayar yana girgiza kai, da gaske abin ya taɓa shi.

"Shi ke nan," ya ce. "Mutane sun gano wurin. Yanzu za su je su ɓata shi."