Ƙaramin rumbun uwar yarana

Ni ban yi karatu mai nisa ba, na allo ma a tsakiya na tsaya. Abin da ya same ni zan faɗa, yadda ya same ni.

Uwar yarana ta tafi Aljeriya neman abin da za mu ci tare da wasu matan unguwarmu, shekarar da ruwa ya ɗauke mana da wuri. Ban so ba, ban kuma hana ba, don ina ganin abin da ake ɗorawa a murhun gidan. Daga Agadas ta kira ni da salular wata mata. Daga Arlit ta sake kira, ta ce gobe za su shiga sahara, in kula mata da gayaunarta, 'yar gonar da babanta ya bar mata a hanyar Dungu. Ban ƙara jin muryarta ba.

Wasu cikin matan sun dawo. Ɗaya ta ce a mota biyu aka raba su, ba ta san inda ɗayar ta bi ba. Wata ta ce kamar ta hango ta a wata kasuwa can. A kan wannan "kamar" ɗin na zauna shekara biyu. Duk ranar da aka ce an dawo da mutane daga Aljeriya, sai in ajiye hauya in tafi inda ake sauke su, ina leƙen fuskokin matan mutane, har wani jandarma mai tsaron wurin ya gane ni, yana cewa, "Baba, yau ma kai ne?"

Gayaunar na nome ta damina biyu. Geron ban haɗa shi da nawa ba. Ƙaramin rumbu na yi masa a bayan ɗakinta na rufe. Nata ne, in ta dawo ta buɗe da hannunta.

Salla ban bari ba, ko ɗaya. Amma bayan an sallame, in mutane sun ɗaga hannu, nawa a kan gwiwa suke. Ban san me zan roƙa ba. In na ce Allah ya ji ƙanta, na kashe ta da bakina. In na ce Allah ya dawo da ita, wata zuciyar ta ce wadda rairayi ya rufe kake kira, ka kuma hana ta addu'ar da mamaci ke jira. Na roƙi alama ko a mafarki ce. Shiru. An ce min akwai mai duba wajen Tsauni, na hau kabu-kabu har bakin garin, na ce wa mai babur ya juya. Ba ƙarfin imani ba ne, tsoro ne. Na san duk abin da mutumin ya faɗa zan yarda, daga nan shi zan riƙa jira, ba Allah ba.

Ana cikin haka yayanta ya zo daga Dawce, Alhaji mai sayar da rake. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

"Baban yara, a buɗe rumbun nan a yi mata sadaka. Mutane su zo su yi mana gaisuwa, mu huta."

Na ce, "Alhaji, ka ga gawarta?"

"Kai ka ga ranta? Tsohuwarmu ta rame, kullum idonta a ƙofa."

"Ba na taɓa geronta."

Ya tashi ya zura hannu ta ƙarƙashin murfin rumbun, ya zaro zangarniya ɗaya, ya buga a tafinsa. Gari ya zubo.

"To ga masu taɓa shi nan. Ashe ƙwari kake yi wa noma, ba ƙanwata ba."

Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Kafin wata kaka rumbun ya zama ƙura. Kwana uku ina juya maganar a raina. In na buɗe na yarda ta mutu, in na bari wahalarta da tawa ta tafi a banza.

Bayan la'asar na tsare limamin unguwarmu a ƙofar masallaci.

"Malam, in na fitar da geron nan, sadakar mamaci ce ko ta mai rai?"

"Kai ka sani?"

"Da na sani zan tare ka?"

"To ni ma ban sani ba. Wanda za ka bayar dominsa ya san inda take, can zai kai mata ladan." Ya sa takalmi ya ƙara da cewa, "Ina lura da hannuwan nan naka. Ka ce Allah ya yi mata rahama a inda take. Mai rai na so, mamaci na so."

Ranar Juma'a da hantsi na buɗe rumbun da kaina. Na zaɓi zangarniyoyin da ƙwari ba su taɓa ba, na rataye a ɗakinta, iri ne. Sauran geron kuwa, 'yan'uwanta mata suka sussuka, aka dama fura aka raba. Alhaji ya so a shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, na ce wannan kam ba a gidana ba. Masu karɓar fura wasu sun ce Allah ya ji ƙanta, wasu sun ce Allah ya bayyana ta. Duk na ce amin.

A masallaci ranar na ɗaga hannu. Har yau ba labari, kuma in baƙuwar lamba ta kira ni sai in yi saurin ɗauka. Da ruwan shuka ya sauka, na sauko da irin nan na tafi hanyar Dungu.