Minti Huɗun da Suka Ƙaru

Wallahi abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma da ni mai surutu ne da tuni na ba da labarin, amma waɗanda suka san ni a Briqueterie, unguwarmu a Yaoundé, sun san ko gaisuwa sai na tattaro ƙarfin hali. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, in na taso daga fac sai in tsare wa Kawu shagonsa na atamfa, shi kuma ya wuce kasuwar Mokolo. Damina ce, ciniki ba yawa, sai in toshe kunnuwana da ekutar, abin jin kiɗa na waya, in buɗe littafi.

Kiɗan da nake ji ba irin na unguwarmu ba ne, don ba mawaƙi a cikinsa. Akwai wanda Turawa ke ce wa ambient, a ja sauti ɗaya kamar zare har minti ashirin; akwai na na'ura zalla, mai bugawa kamar zuciya; akwai kuma post-rock, inda jita ke farawa kamar yayyafi, ta yi ta haɗuwa har ta kece kamar da bakin ƙwarya. Ina da ɗan littafi da nake rubuta kowane faifai a ciki, da tsawonsa har daƙiƙa, da yanayin da ya dace a saurare shi. Mutum ɗaya ne ya taɓa karɓar ekutar ɗina, yayana Hamisu, mu biyu a ɗaki, ya sa ya cire da sauri ya ce, "Kai, wannan ai kiɗan firigo ne!" wai irin ƙugin firji. Bayan 'yan watanni ya kama hanyar Agadas zai shiga Aljeriya. Ya kira sau biyu, daga nan shiru, har shekara biyu. Dangi suka ce a yi masa sadaka a haƙura, Inna ta ce ba wanda zai yi wa ɗanta sadakar mamaci alhali ba a kawo mata labari ba. Labarin nan kaɗai muke jira a gidanmu.

Wata Talata bayan azahar ana ruwa, sai wani dattijo ya fake a rumfar shagon. Dogo ne siriri, da rawani, Hausarsa irin ta mutanen Nijar. Abin da na lura da shi, don ni mai lura ne, ƙafafunsa. Duk wanda ya taka Yaoundé da damina jan taɓo zai kwaso, shi kuwa farin yashi ne a tsakanin yatsunsa, busasshe ƙayau.

Ya ce, "Samari, me kake ji haka har idonka ya kawo ruwa?"

Kunya ta kama ni, sai kawai na miƙa masa kunnen ekutar ɗaya. Ya tsuguna ya ji, ya daɗe, bai yi dariya ba.

"Ba mai waƙa a ciki?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Madalla. Akwai wani saurayi a wajenmu, ya kasa samun hutu, kuma magana ta ishe shi. Zaɓo masa."

Jama'a, ni da ba na iya haɗa jimla uku a gaban baƙo, ranar bakina ya buɗe. Na ce kada ya fara da post-rock, don inda jitar ke fashewa yana razana wanda bai saba ba. Ya fara da wani faifai mai fiyano a hankali da ƙarar ruwan sama a bayansa, ya ji shi a kwance, kada ya tsallake ko ɗaya. Na na'urar kuma na tafiya ne, in hanya ta yi tsawo ƙafa takan bi bugunsa. Mai jitar ya bar shi sai ranar da kuka ya tokare masa ƙirji ya ƙi fita. Na zuba su uku a ɗan katin memori na waya na naɗe masa a takarda. Ya sa a aljihu, ya shiga ruwan.

Talatar da ta zagayo sai ga shi. Ya ajiye katin a kan teburin awo ya ce, "Ya gode. Na farkon ya yi masa, mai jitar ya sa shi kuka, na na'urar kuwa ya ce ka riƙe kayanka, tafiya ta ƙare." Ya ɗan murmusa. "Ya ce in tambaye ka, wai har yanzu ba ka daina jin kiɗan firigo ba?"

Innalillahi!  Da ƙyar na ce, "Baba, ina yake?"

Ya ce, "Ni ɗan aike ne, samari."

Daidai nan wata mata ta shigo tana cewa, "Mon fils, ɗana, sauko min da shuɗiyar can in gani," ni kuma da tarbiyyar shago da kunyar banza, na juya na sauko mata da ita. Ko minti ɗaya ban yi ba. Na waiwayo, ba kowa. Na fita a guje har bakin titin Tsinga, na dawo na tambayi mai soya, wato tsire, da ke daura da mu. Ya ce, "Wane dattijo? Kai da kullum kunnuwanka a toshe, yanzu idon ma ya fara?"

Da na koma gida na sa katin a waya. Faifai na farko a littafina minti arba'in da ɗaya ne da daƙiƙa goma sha biyu, na rubuta da hannuna. A katin ya zama arba'in da biyar. Na ji shi tun daga farko, fiyanon ya ƙare inda ya saba ƙarewa, amma sautin bai tsaya ba. Iska ce ke kaɗawa a fili mai faɗi, sai numfashin mutum kusa, sai gyaran murya sau biyu a jere, yadda Yaya Hamisu ke yi in zai roƙi abu. Bai ce komai ba. Haƙoransa kawai ke haɗuwa, kaf-kaf-kaf, har minti huɗun suka cika.

Kwana uku ina yawo da abin nan a aljihu, ina tsoron in ba Inna, ina tsoron in hana ta. Ranar Asabar da hantsi tana tsintar shinkafa na durƙusa na sa mata ekutar, ita da ba ta taɓa sawa ba. Ta ji, ta ce in mayar, ta sake ji. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sanyi yake ji." Ta tashi ta ɗauko bargonsa mai zanen damisa, ta kakkaɓe, ta ce in kai masallaci a ba duk baƙon da ba shi da mayafi.

Na ce, "Inna, yana raye?"

Ta ce, "Kai dai kai bargon."

Na kai. Da na dawo na sake kunna wurin. Minti huɗun suna nan, iskar tana nan, numfashin yana nan, a hankali kamar na mai barci. Haƙoran ne suka daina kaɗawa. Na rantse da Wanda raina ke hannunsa, na ji shi ya fi sau ɗari tun daga ranar, ban ƙara jin su ba, kuma har yau ba wanda ya kawo mana labarin Yaya.

Ni dai shawarata, in baƙo ya tambaye ku abin da kuke saurare, kada ku raina shi, ku zaɓa masa da kyau, don ba ku san kunnen da zai kai wa ba. In kuma ya dawo da amsa, ko wa ya kira ku, kada ku juya.