Rumbunan da Muka Ƙirga a Ƙasar Bukkuyum

Ranar da na sa hannu a kan rahoton ƙasar Bukkuyum ba ta taɓa fita raina ba. A lokacin ni ne mai duba ma'aikatan da wata ƙungiyar agaji ta tura Anka da Gummi da Bukkuyum, su kimanta abin da gidaje ke samu a shekara. Kaka ce, an gama yankan gero. Da rahotonmu za a zaɓi gundumomin da za a kai wa hatsi kafin faɗuwar damina.

Ga wanda bai san aikin ba, ba kowane gida ake shiga ba. Ana zaɓen wasu ta hanyar ƙuri'a, a jera su daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a ɗauki na tsakiya. Ba a haɗa kuɗin kowa a raba, domin dillalin zinare ɗaya sai ya sa gari duka ya yi kama da masu hali. Da yake ba kowa aka tambaya ba, ana rubuta iyaka biyu kusa da adadin, ta ƙasa da ta sama, wato gaskiya tana wani wuri a tsakaninsu.

Na yi wannan aiki a Nijar da Chadi da Sudan, kuma a ko'ina darasi ɗaya na koya: da zarar mutane sun ga farar mota, kowa sai ya zama matalauci. Saboda haka na umarci ma'aikatana kada su dogara da baki. Su ƙirga rumbunan da aka rufe aka liƙe, su kimanta damin da kowanne ke ci. Ba wanda ya yi mini musu, furfura ta hana.

A wani ƙauye bayan Adabka na zauna da wani magidanci, Bawa, ina gwada wa ma'aikatan yadda ake yi. Rumbunsa biyu, an yaɓe su da sabuwar laka. Na tambaye shi amfanin bana, ya ce sai godiya. Na nuna rumbunan na ce ai ga shaida, ya yi murmushi ya miƙo mini furar da aka kawo. Na rubuta su a cike.

Da aka haɗa lissafi a Gummi, gidan tsakiya na gundumar su Bawa ya haura layin talauci da kaɗan, amma iyakar ƙasa tana ƙarƙashin layin sosai. Na nuna wa shugabar shirin, na ce ƙauyuka da yawa ba mu shiga ba saboda 'yan bindiga, adadin ba shi da ƙarfin da za a hana mutane abinci a kansa. Ta saurare ni, sannan ta ce hatsin ba zai ishi kowa ba, kuma takardar ofis gurbi ɗaya gare ta, na adadin kawai, ba na iyakokin ba. Na ɗan yi gardama. Daga baya na tuna rumbunan da na gani da idona, na sa hannu.

Bayan an yi shuka na koma ƙauyen don wani aiki. Mai gari, tsoho ne sa'ana, bai bar ni na zauna ba. Ya ja ni gidan Bawa, ya sa aka fasa bakin rumbu ɗaya. Na leƙa. Ko ƙaiƙayi babu.

"Hatsin da kunka rubuta daji ya tai," in ji shi. "Sai da munka kai ma 'yan bindiga rabo kahin su bari mu yanke. Wanga ba a hwaɗa ma baƙo, ba ka san kunnen wa za ya kai ba."

Na tambayi dalilin yaɓe rumbun da ba komai a ciki. Ya ce magidanci ba ya barin rumbunsa a buɗe da kaka, duk mai wucewa ya ga ciyar da iyali ta gagare shi. Rabin garin haka suka yi, kowa ya san na kowa, ba mai tona wani.

Bawa kuwa, da aka ji ba a sa su cikin rabon hatsin agaji ba, ya bi masu haƙar zinare zuwa wajen Anka, yana da shekaru kusan sittin. Rami ya rufta da shi a mako na uku. Matarsa, da yara ke kira Inna, ta gaishe ni daga bayan danga, ta tambayi gajiyar hanya.

Ku da ke aikin yanzu, ku sani iyaka biyun nan kuskuren ƙuri'a kawai suke aunawa. Ba sa auna tsoro, ba sa auna rufin asiri, ba sa auna tsohon ma'aikacin da ya ɗauko wayon wata ƙasa ya ɗora wa mutanen da bai zauna da su ba. Idan adadi ya tsaya a kan layi, ku ƙi sa hannu sai kun koma. Ni ban koma ba sai da aka yi sadakar bakwai.