Tsakin da Na Hana Inna

Inna ta zo London ne don ta yi mini jego, cikin sanyin shekarar da na haifi 'yata ta fari. Muna zaune a wani flat na council, gidan hayar gwamnati, a Stratford, hawa na shida, ni da maigidana. Ina karatun sanin abinci mai gina jiki a wata kwaleji a Bloomsbury, kuma a lokacin ji nake duk duniya ba wanda ya kai ni sanin abin da ya kamata mutum ya sa a bakinsa.

Rabin akwatinta tsakin masara ne. Ba irin wanda ake surfawa a kai inji ba. Ita sai ta tafasa masarar a ruwan toka har ɓawon ya saɓule, ta wanke, ta shanya, sannan a ɓarza. Haka tata uwar ta koya mata. Da shi take fate da safe, ta zuba alayyafo da ɗan man gyaɗa, da yamma ta dama kunu. Burodin Turawa da dankalinsu kuwa ba sa wuce mata maƙogwaro. Takan ce abincin garin nan kamar an wanke shi da sabulu.

Ranar suna matan abokan maigidana suka cika falo. Akwai wata a cikinsu daga Marylebone, unguwar masu kuɗi, mai awarwaro har gwiwar hannu. Ta leƙa kicin, ta ga Inna tana juya tukunya.

"Kai! Tsaki? A London? Kaji kuka fara kiwo ne a hawa na shida?"

Aka kwashe da dariya. Inna ma ta yi, don ba ta gane da ita ake ba. Ni na gane. Wallahi ji na yi kamar in nutse don kunya.

Washegari na same ta tana ɗibar tsakin, na ƙwace kwanon.

"Inna, wannan abin babu komai a cikinsa, cika ciki ne kawai. Ga toka kuma, sai ka ce wanki za a yi."

"Ke 'yar nan, ai da shi na raine ki."

"Shi ya sa na fito 'yar firit."

Na ɗaure bakin buhun na cilla shi saman kabad, inda hannunta ba ya kaiwa. Na ajiye mata cornflakes da madara mai sanyi. Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta yi bismilla.

Bayan mako biyu da na koma makaranta, malaminmu ya shigo aji da wani kwali daga Amurka, an rubuta hominy grits a jiki. Ya zazzage a faranti. Tsakin Inna ne sak, har ƙamshin. Ya ce masara tana ɗauke da wani sinadari da jiki ke buƙata, amma a ƙulle yake, sai an dafa ta da toka ko makamancinta yake sakuwa. Inda mutane suka dogara da masara ba tare da wannan dabarar ba, in ji shi, nan ake samun wata cuta mai sa fata ta yi baƙi ta tsattsage. Na rubuta duka, ban bar ko harafi ba. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na dawo gida, na wuce kabad ɗin ko ɗaga kai ban yi ba. In sauko da buhun in ce me? In ce tsohuwar da ba ta san bihim ba ta fi ni?

Inna ta fara ramewa. Zanenta ya koma yana zagaye ta kusan sau biyu, in ta sunkuya wankan jaririya sai jiri ya kwashe ta. Maigidana ya ce, "Ki ba ta abinta mana." Na ce, "Kai ka karanta ko ni?" Sai ya je ya nema mata ranar ganin likita.

Ni ce tafinta, tunda ba ta jin ko zo da Turanci. Likitan ya auna ta, ya tambayi abin da take ci a gida. Na faɗa masa, har da tokar, don a gaban Bature ban ga abin ɓoyo ba. Ya ce wannan ai abinci ne mai kyau, musamman da ganye da mai. Lafiyarta ƙalau, yunwa ce kawai, a mayar mata da abin da ta saba ci.

Inna ta taɓa ni. "Me ya ce?"

"Ya ce tsakin nan ne ya lalata miki ciki. Kada ki ƙara ci."

Ta gyaɗa kai, ta ɗan rusuna wa likitan. "Ki ce masa na gode."

Na ce masa ta gode.

Ta koma gida bayan wata uku, kuma ba ta ƙara kai tsaki bakinta ba. Ƙanwata ta rubuto mini cewa Inna har gida-gida take bi tana faɗa wa mata su daina dafa masara da toka, likitan London ya hana, da ba don 'yarta mai ilimi ba da tuni an binne ta. Na karanta wasiƙar, na ninke, na ci gaba da guga.

Shekara bakwai bayan haka aka kira ni, jikinta ya yi tsanani. Da na isa gida na tarar kwana huɗu ba abin da ya zauna mata a ciki. Ƙanwata ta yi dabara ta dafa fate mai ruwa-ruwa, ta kawo bakin gado. Na ga hancin Inna ya motsa, ta haɗiyi yawu, sai ta juya fuska bango.

"Likita ya hana. Tambayi yayarki."

Na karɓi kwanon. Na ce, "Inna, ki sha. Bai hana ba. Ni na yi miki ƙarya."

Ta juyo ta dube ni, har da ɗan murmushi.

"Allah sarki. Don kin ga ina jin jiki za ki ɗora wa kanki zunubi? Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Ɗauke shi daga nan."