Igamar da Malam Bai Samu Ba

Wai da Malam ya je asibiti tun ranar farko, kama shi za su yi, ko ɗaure masa ƙafar za su yi? Na tambayi duk wanda ya dawo daga Jidda. Wannan ya ce kamawa, wancan ya ce ƙarya ne, magani suke yi. Har yau ba wanda ya tsaya mini a kan magana ɗaya. Ni ban iya rubutu ba, babbar 'yata ce take rubutawa, tana yi ina share hawaye.

Malam mijina ne, manomin rani a bakin dam ɗin Watari. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ya sayar da shanun huɗa ya tafi Umara, bai dawo tare da 'yan tafiyarsu ba. Ya samu aikin tsince tumatir da albasa a wata kasuwa a Jidda, abin da hannunsa ya sani. Ciwon suga kuwa da shi ya tafi.

Wata rana askarawa, 'yan sandan can, suka zo kamen baƙi. Malam, mutum da furfurarsa, ya tsallake katanga, ƙarfe ya yanke shi a tafin ƙafa. Ya kira ni a wayar 'yata ina tsakiyar sussukar dawa. Na ce, "Malam, ka je asibiti mana."

Ya ce, "Ba ni da igama."

Ni kuwa iƙama na ji, wadda ake tayarwa kafin salla. Na yar da taɓarya na ce, "Subhanallahi! Kana kusa da ɗakin Allah ka rasa mai tayar maka da iƙama? Ka tayar da kanka, ka yi sallarka, ka wuce asibiti!"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Innar yara, ke dai ba ki da dama." Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Wata biyu ina zaune a kan cewa maganar ibada ce, ina aika masa garin bagaruwa da man kaɗanya ta hannun masu tafiya. Sai a kasuwar Bagwai wata Hajiya ta ce mini igama takardar zama ce, wanda ba shi da ita ko tari yake yi sai ya rufe baki.

Wannan ne yake cin raina. Da na gane da wuri, da na tara masa 'yan'uwansa sun tilasta shi. Shi kuma me ya hana shi faɗa mini dalla-dalla? Abokan ɗakinsa fa, ƙarti shida, suna jin warin ƙafar, ba wanda ya ɗauke shi, don kowa tasa takardar babu. Ruwan gishiri suke zuba masa. Mutumin da a gida ko ƙaya ta soke shi sai ya tara mu, ya kwanta shiru a ɗaki don kada maƙwabta su ji nishinsa.

A can ya rasu, a can aka binne shi. Mutane suna ce mini ya dace da ƙasa mai tsarki, ina cewa amin. Limaminmu ya ce sallar gawa ba a yi mata iƙama. Na ce to, ko a nan ma bai samu ba.

Kiransa na ƙarshe ranar Laraba ne da hantsi, ina shanyar kuɓewa. Muryar ta yi ƙasa, sai da na toshe ɗaya kunnen. Na fara faɗa, ya katse ni.

Ya ce, "Ya isa, Innar yara. Na gaji da ɓuya. Gobe in ƙafar ta ɗauke ni, zan fita titi su kama ni su maido ni. Ki share mini ɗaki."