Tarwadar Kawu Badamasi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 13 ga Yuli, 2021, Allah Ya karɓi ran Kawu Badamasi Yauri a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan kwana tara yana fama da korona.

Kawu, a kasuwar Chow Kit an san ka da sayar da atamfa da turare, amma kai ba ka taɓa ɗaukar kanka ɗan kasuwa ba. Masunci ne kai da shago ya riƙe. Kowace Lahadi sai ka ɗauki fatsa da gwangwanin tana ka nufi wata madatsar ruwa a bayan gari, ka dawo da tarwada da karfasa. Shekara goma sha ɗaya ka yi a ƙasar nan, ba ka daina mamakin masu kama kifi su ɗauki hoto da shi su mayar ruwa ba. Kakan ce, "Wannan ai wulaƙanta kifi ne."

Da aka sa dokar kulle ta bana, aka hana kowa wuce kilomita goma daga gidansa. Kuɗin gida ya daina zuwa wa ɗalibanmu 'yan gida da ke unguwar Danau Kota. Maƙwabta da yunwa ta ci ƙarfinsu suna rataya farar tuta a taga don a kawo musu agaji. Namu kuwa, 'ya'yan manya, sun gwammace su kwanta da ruwan zafi a ciki da a ga tuta a tagarsu. Ka san halinsu sarai.

Sai ga ka ranar Lahadi a ƙofar benen ɗaliban, da takunkumi, fatsa a kafaɗa, bokiti cike da tarwada. "Ku taimake ni, yara, ta yi mini yawa, firjina ya cika."

Suka taimake ka. Mako shida suna taimakonka.

Ni kuwa karatuna a kan kiwon kifi ne, kuma madatsar ta fi kilomita talatin, da shingen 'yan sanda a hanya. Na duba bokitin: duk girmansu ɗaya, cikinsu cike da kitse, babu wadda ke da raunin ƙugiya a baki. Tarwadar kiwo ce, daga kasuwa. Na ja ka gefe na ce, "Kawu, kifin dam ɗin nan ko tare aka yaye su?"

Ka ce, da salon maganar 'yan ƙasar nan, "Dakta Rufaida, ci kifi ki bar bincike, lah."

Na yi dariya, na ji daɗin wayona. Ban ce maka ka daina shiga cunkoson kasuwa ba, da shekarunka da hawan jininka. Ban ce bari mu matasa mu riƙa zuwa ba. Ban san inda ka ɗauko cutar ba, babu wanda ya sani, amma na san abin da na gani na yi shiru.

Ba a yi maka wanka ba, Kawu. Ma'aikata cikin fararen rigunan kariya suka yi maka taimama a bisa ledar da aka rufe ka, kai da ka tashi a bakin kogin Kwara. Matarka, Anti Zainabu, tana killace a gida, a waya ta kalli jana'izarka.

Jiya Fa'iz, ɗaya daga cikin ɗaliban, ya tambaye ni inda madatsar take, wai idan an buɗe gari zai je ya ga wurin da kake kamo musu kifi. Shi ya sa na fasa rufa maka asiri. Ka yafe mini. Gara su san wanda ya ciyar da su, da abin da ya ɗauka a kansa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya wanke ka da ruwan rahamarSa, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ya ba Anti Zainabu da 'ya'yanka da dangi na Yauri haƙurin rashinka. Fatsarka tana nan a jingine bayan ƙofa, tun watan Mayu ba ta taɓa ruwa ba.

Rufaida Alkasim
Danau Kota